Wurin Allura Ya Kumbura: A Jira Ko A Tafi Asibiti?

'Yan uwana mata, iyayena da ƙannena, har da mazajen da ke saurarenmu ta bayan fage, barkanmu da war haka, barkanmu da sake saduwa a cikin shirin namu na mata. Gaisuwa ta musamman ga masu saurarenmu na ƙananan hukumomin Ikara da Makarfi da Kudan, tun daga Paki da Saulawa da Auchan, zuwa Gubuchi da Gazara da Gimi, har Hunkuyi da Likoro da Doka. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.

Yau za mu yi magana ne a kan wata tambaya da ke yawan zuwa cikin saƙonninku, ko da yake kusan duk mai aiko ta sai ta ce kada a faɗi sunanta. Tambayar ita ce: an yi mini allura, wurin ya kumbura yana ciwo, shin in jira ya sace da kansa, ko kuwa in tafi asibiti? Idan kuma aka bi diddigi, sau da yawa sai a tarar allurar da aka yi tana cikin dangin magungunan da likitoci ke kira sitiroyid. To, a nan gizo ke saƙar, domin wannan allura ba kamar sauran allurai ba ce, kuma hukuncin jira a kanta daban ne.

Mu fara da sanin maganin tukuna. Sitiroyid suna ne na dangi, ba na magani ɗaya ba. A cikinsu akwai deksametason, wanda a kemis za ki ji ana cewa deksa. Akwai haidirokotizon, akwai kuma tirayamsinolon, wanda aka fi sani da sunan kamfani, wato Kenalog. Aikinsu shi ne kwantar da kumburi da zafi a jiki. Magani ne mai daraja, kada wata ta ji shirin nan ta ɗauka guba ne. A shekarar 1948 wani likita a Amurka mai suna Philip Hench ya fara gwada shi a kan wata mata da ciwon gaɓɓai ya kwantar, cikin 'yan kwanaki ta miƙe tana takawa, har aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1950 tare da wasu masana biyu. A 2020, lokacin annobar korona, binciken jami'ar Oxford da ke Ingila ya nuna cewa deksametason ya rage mace-mace da kusan kashi ɗaya cikin uku a tsakanin marasa lafiyar da aka sa wa na'urar numfashi. A ɗakin haihuwa ma, idan naƙuda ta taso tun ciki bai isa ba, likita kan yi wa uwa wannan allura don huhun jariri ya yi ƙwari. Kun ga ke nan a hannun wanda ya san aikinsa, rahama ce.

Amma mu faɗa wa juna gaskiya, a garuruwanmu ba a nan kaɗai ake amfani da ita ba. Mace ta wuni tana yankan tumatir ko tsinkar barkono, ko ta yi aikin ɗaurin mazarƙwaila lokacin rake, bayanta da gwiwoyinta su riƙe, sai a ce ta je kemis a yi mata allurar ciwon jiki. Mai mura da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, allura. Mai ƙaiƙayin jiki, allura. Budurwa biki ya matso, ƙawaye su ce ta rame, a yi mata abin da zai ciko da ita, ko dai ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe, ko allura. Wata kuma hasken fata take nema. Yawancin waɗannan allurai ba a asibiti ake yin su ba. A bayan kanta ake yi, ko a tsakar gida, wani lokaci ma wadda ke yin ba ta taɓa shiga ajin koyon aikin lafiya ba. Ku sani, lasin ɗin da hukumar kula da masu harhaɗa magunguna ta ƙasa, wato PCN, ke bai wa masu ƙananan shagunan magani, bai ba su izinin yin allura ba.

Yaya wurin allura ke zama ƙurji? Fatar jikinmu katanga ce. A bayanta akwai ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani, suna zaune lafiya muddin ba su sami ƙofa ba. Allura ƙofa ce. Idan ba a wanke hannu ba, ko ba a goge fatar ba, ko an maimaita sirinji, ko kuma kwalbar maganin an daɗe ana zuƙa daga cikinta ana ajiyewa a kan kanta cikin zafi da ƙura, sai tsinin allurar ya tura ƙwayoyin cutar can cikin tsoka. A can za su hayayyafa, mugunya ta taru. Tun da kuma a mazaunai aka fi yin allurar, inda tsoka ke da kauri, ƙurjin yakan yi nisa a ciki tun kafin a ga komai a waje.

Yanzu ga abin da nake so kowa ta riƙe, ko da shi kaɗai ta ɗauka a shirin yau. Ja da zafi da kumburi da zazzaɓi da muke gani idan ciwo ya kama, alama ce ta cewa garkuwar jiki tana faɗa da cuta. Shi kuwa sitiroyid aikinsa ke nan ya kwantar da wannan faɗan. Saboda haka abu biyu yake yi a lokaci guda: yana raunana masu gadin jiki a daidai wurin da cutar ta shiga, sannan yana rufe bakin ƙararrawar da za ta sanar da ke. Mace tana iya ɗauke da ƙurji babba a cikin tsoka, jikinta bai yi zafi sosai ba, tana ta hidimarta tana cewa ai da sauƙi. Haka nan maganin yana ɗaga sukarin jini na wasu kwanaki, su kuwa ƙwayoyin cuta ba abin da suke so irin jini mai yawan suga. Don haka ma'aunin da muka saba da shi, na cewa bari mu gani in zazzaɓi ya zo, a nan ba ya aiki. Wadda ta ce sai ta ga zazzaɓi, tana iya makara.

To, da me za a auna? Da kwanaki, da kuma inda ciwon ya dosa. Ba kowane ciwon wurin allura ne ƙurji ba. Ranar farko da ta biyu, wurin yakan yi tsami, ya ɗan yi tauri kamar ƙwallon goriba ƙarami, in kin zauna ki ji shi. Wadda aka yi wa a gwiwa ko kafaɗa a asibiti ma takan ji ciwon ya ɗan ƙaru a kwana ɗaya ko biyun farko, sannan ya lafa. Wannan ba abin tayar da hankali ba ne matuƙar kullum sauƙi ake samu. Ki sa tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi, ba tafasasshe ba, ki ɗan dafa wurin, ki sha farasitamol in da buƙata, kada ki murza. Ga kuma wata dabara mai sauƙi: ki sa 'yarki ko wata da kika yarda da ita ta zagaye bakin kumburin da biro. Washegari ku duba. In ya tsaya cikin zanen ko ya ja baya, alhamdu lillahi. In ya tsallake zanen, magana ta canza.

Wadda za ta shirya ta tafi asibiti a ranar, ba gobe ba, ita ce wadda bayan kwana biyu ciwon ƙaruwa yake yi maimakon raguwa. Wurin ya yi zafi in an taɓa, ya fi sauran jiki. Yana zugi kamar ana buga ganga a ciki, har ya hana barci. Fatar ta yi sheƙi ta ɗaure. A nan ina so mu lura, mu masu duhun fata ba lallai ne mu ga ja ba, sau da yawa wurin ƙara duhu yake yi, don haka hannu ya fi ido gane shi. Haka nan in tsakiyar ta yi laushi kamar da ruwa a ciki, ko wani ruwa ya fara tsattsafowa, ko kaluluwa ta fito a matsematsi, ko zama da tafiya sun gagara, ko an fara jin sanyi da kasala. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ya isa dalili.

Akwai kuma alamun da ba a jiran gari ya waye a kansu. Ciwo mai tsanani wanda ya fi ƙarfin abin da ido ke gani a wurin. Kumburin da ke yaɗuwa cikin sa'o'i, da safe yana mazaunai, da la'asar ya sauko cinya. Fata ta fara yin baƙi ko ta yi bororo kamar ƙuna, ko ana jin wari. Rawar ɗari, numfashi sama-sama, bugun zuciya da sauri, jiri in an miƙe, fitsari ya ragu, ko mara lafiya ta fara sambatu tana rikicewa. Wannan yana nuna cutar ta shiga jini ko tana cin nama, kuma tana iya kisa cikin kwana ɗaya ko biyu. Haka in muƙamuƙi ya fara riƙewa, baki ya ƙi buɗuwa, wuya ya sandare, wannan tetanus ce mai sarƙe haƙora, allura mara tsabta tana kawo ta. Sannan wadda aka yi wa allurar a cikin gaɓa, gwiwa ko kafaɗa, gaɓar ta kumbura ta yi zafi ta ƙi lanƙwasuwa, ita ma a daren za a fita da ita, domin mugunya a cikin gaɓa tana cinye guringuntsi cikin 'yan kwanaki, abin da ya lalace kuma ba ya dawowa. A irin wannan hali ko tsakar dare ne, a tashi mai mota ko mai babur.

Wasu kuma tun farko ba su da rabon jira ko na kwana biyun nan. Mai ciwon suga, mai juna biyu, mai jego, mai sikila, mai ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, tsohuwa, ƙaramin yaro, da wadda ta daɗe tana shan deksa ko ana yi mata allurar a kai a kai. Su da zarar wurin ya fara kumburi da zafi, a nuna wa ma'aikacin lafiya. Sannan kada a ce ai an yi wata guda da allurar, ba ita ba ce. Akwai ƙwayoyin cuta masu tafiyar hawainiya, sai bayan makonni kumburin zai fito, ya fashe, ya rufe, ya sake fashewa. Shi ma na asibiti ne, kuma maganinsa yakan ɗauki lokaci. Daban yake da lotsawar fata ko ɗan farin tabo mara ciwo da Kenalog kan bari bayan makonni. Wannan illar maganin ce, ba ƙurji ba, ko da yake shi ma ya kamata a nuna.

Na san me ke ranku. Wata tana cewa, Hajiya, ai mun ji, amma ba ki san abin da ke hana mu zuwa ba. Na sani, 'yar uwa. Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko kunya. Wurin da ciwon yake ba wurin nunawa ba ne, ga kuma dalilin yin allurar wani lokaci ba abin faɗa ba ne. Amarya ta yi don ta ciko, uwar miji ba ta sani ba. Matar aure ta yi ba da sanin maigida ba. To, Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A asibitocinmu akwai ma'aikata mata, da yawansu 'ya'yanmu ne da suka yi karatu a nan makarantar koyon aikin lafiya ta Shehu Idris da ke Makarfi. Kina da damar ki ce mace kike so ta duba ki, in kuma namiji ne kaɗai ke bakin aiki, ki nemi wata mace ta tsaya tare da ke. Rufa asirin mara lafiya wajibi ne a aikinsu. Kuma ki yi lissafi da kyau: ƙurjin da aka kai da wuri, ke da nas kaɗai kuka san da shi. Wanda aka ɓoye har ya kwantar da ke, sai an ɗauko ki ranga-ranga unguwa tana kallo, dangi na sintirin dubiya kowa na tambayar me ya faru. Wanne ne ya fi rufin asiri?

Na biyu kuɗi, kuma ba ƙaramin dalili ba ne. Kuɗin mota, kuɗin kati, kuɗin magani, ga gida ba a bar komai ba. Sai dai ku duba yadda lissafin yake tafiya. A ce mace ce a wani ƙauye cikin Kudan, an yi mata allura ran Asabar, ran Talata ciwo ya ƙaru. In ta je ran Talatar, mai yiwuwa magani za a rubuta mata, ko a ɗan tsaga a fitar da mugunya ta koma gida a ranar, ta riƙa zuwa wankin ciwo. In ta ce bari ta gani, ta koma wurin wanda ya yi allurar ya ba ta kafso, ko ma ya ƙara mata wata allurar, ciwon ya ɗan lafa ya dawo, mako biyu suka wuce, to yanzu maganar ta zama ta ɗakin tiyata, da kwanciya, da ƙarin ruwa, da mai jinya, wataƙila har a tura ta Zariya. Akuyar da ake jin tsoron sayarwa, sai a sayar da ita a haɗa da tunkiya. Ga yara an bar wa maƙwabta. Ciwon nan kullum aka ƙara masa kwana, kuɗinsa ƙaruwa yake yi. Wadda kuma ke da rajista da hukumar taimakekeniyar lafiya ta jihar Kaduna, wato KADCHMA, ta tafi da katinta ta tambaya.

Na uku tsoron faɗa. Ana cewa ma'aikatan asibiti za su yi ta masifa, wa ya ce ki je kemis? Wata kuma tana tsoron kada ta jefa mai kemis cikin matsala, don ɗan unguwa ne, ko ɗan uwa, ko yana ba ta bashi ranar da babu. Ni ban ce ki je ki kai ƙarar kowa ba. Ki je ki nemi lafiyarki. Faɗa na minti biyar ba ya kashe mutum. Ku kuma 'yan uwanmu ma'aikatan lafiya da ke saurare, don Allah a sassauta harshe. Duk macen da aka kunyata a gaban layi, ta koma gida ta hana mata goma zuwa. Ku kuma masu kemis, idan wadda kuka yi wa allura ta dawo da kumburi, mutuncinku shi ne ku ce mata ta tafi asibiti yanzu, ku rubuta mata sunan abin da kuka yi mata a takarda.

Na huɗu izini. Iyayenmu maza, mazajenmu, ga roƙonmu. Idan iyalinka ta ce wurin allura yana damunta, ba lokacin bincike ba ne na wa ya aike ki. A kai ta tukuna, maganar ta biyo baya. In za ka yi tafiya, ko kana kwana a gona ko kasuwa, ka bar izini a gida cewa in rashin lafiya ta taso a tafi. Iyaye mata da surukai, ku ne ake fara gaya wa. Kalmarku ɗaya, tashi mu je, ta fi duk abin da zan faɗa a rediyo nauyi. Malamanmu kuma sun sha karantar da mu cewa neman magani ba ya warware tawakkali.

Sai abubuwan da ba a yi. Kada a matse. Ƙurjin da ke cikin tsoka ba irin marurun da ke saman fata ba ne, matsa shi tura mugunyar ciki yake yi. Kada a kira wanzami ya yi sakiya ko ya tsaga. Wanzamai suna da matsayinsu a al'adarmu, amma a mazaunai akwai babbar jijiya da ta sauka har tafin ƙafa, akwai kuma hanyoyin jini. Kuskure kaɗan, ƙafa ta shanye, mace ta koma jan ƙafa har ƙarshen rayuwarta. Kada a fasa kafso a barbaɗa, kada a shafa man zafi ko toka ko kanwa, kada a gasa da ruwan da zai sale fata. Kada kuma a dogara da Ampiclox ɗin da aka sayo guda huɗu ko shida. Idan mugunya ta riga ta taru, ta yi wa kanta ɗaki ne, magani ba ya ratsa ta yadda ya kamata, dole sai an buɗe an fitar. Shan maganin barkatai ɓata lokaci ne, kuma yana koya wa ƙwayoyin cutar jure magani.

Ga wani gargaɗi mai muhimmanci. Wadda ta yi sama da mako uku tana shan deksa ko danginsa kullum, kada ta ji wannan shiri ta watsar da shi yau. Jikinmu yana da wasu 'yan halittu a saman ƙoda da ke samar da irin wannan sinadari da kansu. Idan aka daɗe ana ba jiki daga waje, sai su yi barci. In aka yanke rana ɗaya, jiki ya rasa na waje ya rasa na ciki, jini ya faɗi, mutum ya galabaita, musamman ma in ga ciwo a jiki. A hankali ake ragewa, kuma likita ne zai tsara yadda za a yi.

Ina za a je? A fara da asibitin da ya fi kusa. Jihar Kaduna tana da mazaɓu 255, kuma tsarin gwamnati shi ne kowace mazaɓa ta sami cibiyar lafiya a matakin farko. Can za su duba, in abin ya fi ƙarfinsu su tura ki gaba. Akwai babban asibitin Ikara, akwai na Makarfi, akwai asibitin Hunkuyi. Idan kuwa alamun nan masu haɗari ne suka bayyana, a wuce babban asibiti kai tsaye. A Zariya akwai asibitin Hajiya Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, da asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

In za ki tafi, ki ɗauki kwalbar allurar ko kwalinta in suna nan, da duk magungunan da kika sha. Ki faɗi ranar da aka yi, sau nawa aka yi, da dalilin yi. Ki faɗa in kina da ciki ko kina shayarwa. Wannan gaskiyar ita ce rabin maganin, domin likitan da ya san sitiroyid ne a jikinki ba zai ruɗu da rashin zazzaɓi ba, zai kuma auna sukarinki. Abin da za a yi miki ba abin tsoro ba ne kamar yadda ake zuzutawa. Za a auna zafin jiki da jini, wani lokaci a yi hoto don a ga zurfin ƙurjin. In ya nuna, a kashe zafin wurin, a ɗan tsaga, a fitar da mugunyar, a wanke, a sa auduga. Da yawa a daren ranar suke samun barcin da suka kwana biyu ba su yi ba. Sai ki cika alƙawarin zuwa wankin ciwo, ki shanye maganin da aka rubuta har ƙarshe ko da kin ji sauƙi, ki kuma tambaya ko kina buƙatar rigakafin tetanus.

In kuma kina shakkar cewa sirinjin da aka yi miki amfani da shi ba sabo ba ne, ki faɗa, kuma kada ki jira kumburi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2015 cewa ana yin allura kusan biliyan 16 a duniya kowace shekara, kuma ƙiyasin shekarar 2010 ya nuna mutane har miliyan 1.7 ne suka kamu da ciwon hanta nau'in B ta hanyar allura mara tsabta, baya ga nau'in C da cuta mai karya garkuwar jiki. Ita wannan ta ƙarshen akwai maganin kariya da ake bayarwa, amma sai an fara shi cikin awa 72.

Kada kuma mu ɗauka wannan matsala ta talaka ce ko ta ƙauye kawai. A 2012 a Amurka, wani kamfanin haɗa magunguna a jihar Massachusetts ya fitar da allurar sitiroyid da funfuna ta gurɓata. Likitoci ne suka yi wa mutane ita a asibitoci, akasari a gadon baya. Sama da mutum 750 suka kamu da ciwo a jihohi 20, da yawansu sanƙarau, fiye da 60 suka rasu, kuma wasu sai bayan makonni alamun suka fito musu. In haka ta faru a inda ake da kayan aiki, ina ga kwalbar da ba a san inda ta fito ba? Shi ya sa ko a asibiti aka yi miki allurar, in wurin ya canza, ki koma. Komawa ba raina aikin likita ba ne.

Daga ƙarshe, rigakafi ya fi magani. Kafin ki juya baya a soka miki allura, ki yi tambaya uku: mene ne sunan maganin, wa ya rubuta shi, kuma babu na sha da zai yi wannan aikin? Yawancin cututtukan da muke karɓar allura a kansu, ƙwaya tana yi musu. A buɗe sabon sirinji a gabanki. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewar maganin. Ku kuma 'yan matanmu, cikar da deksa ke kawowa ba ƙibar lafiya ba ce. Ruwa ne da kitse ke taruwa a fuska da ciki da doron wuya, ƙafafu da hannuwa su sirance, fata ta yi nankarwa, ga hawan jini da ciwon suga da rikicewar al'ada suna biyo baya. Kada garin neman ƙiba a samo rama.

To jama'a, lokaci ya yi halinsa. A taƙaice, ciwon da ke raguwa kullum a sa masa ido, a zagaye shi da biro. Wanda ya ƙaru bayan kwana biyu, a tafi a ranar, ko da zazzaɓi ko babu. Wanda ya zo da rawar ɗari, ko baƙin fata, ko rikicewa, ko kumburin gaɓa, a tafi a daren. In an je kuma a faɗi gaskiyar abin da aka yi. Wadda ta ji, don Allah ta gaya wa maƙwabciyarta da ba ta kusa da rediyo, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Marasa lafiyarmu na gida da na asibiti, Allah ya ba su sauƙi, ya sa kaffara ne. Mu kuma ya ƙara mana lafiya, ya raya mana zuriya. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Ku huta lafiya. Wassalamu alaikum warahmatullah.